Bayan Karayar Arziki: Yadda Ake Neman Rarar Haraji da Komawa Karɓar Rance a Kebbi

Wanda jarinsa ya karye, masu bin bashi suka kai shi ƙara, aka raba musu abin da ya rage, yakan ɗauka magana ta ƙare ran da ya fito daga kotu. Da sauran aiki. Sunansa yana nan a wurare uku da ba sa tuntuɓar juna: fayil ɗin kotu, ofishin haraji, da rumbun bayanan bashi da bankuna ke dubawa kafin su ba da ko kwabo. Babu ɗaya daga cikinsu da zai gyara kansa don an sallame ka. Kai ne za ka ɗauki takarda ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin da ka bi yana da muhimmanci.

Wace irin sallama ce a hannunka?

A nan mutane da yawa ke fara ruɗewa. Sallama ta doka, wadda ke sauke wa mutum ragowar bashi, daga Babbar Kotun Tarayya kaɗai take fitowa, a ƙarƙashin dokar karayar arziki ta 1979. Kotun tana zama a Birnin Kebbi, tana kuma zama a Gusau. A wannan tsari kotu ce ke ba da umarnin karɓe dukiyarka, a damƙa ta ga amintaccen da aka naɗa, ya sayar ya raba. Kana iya neman sallama da kanka ta hannun lauya, kuma doka ta tanadi sallama bayan shekara 5 daga ranar umarnin karɓe dukiyar. Kotu na iya ba da ita kai tsaye, tana iya jinkirta ta, tana iya ɗaura mata sharaɗi, misali ka ci gaba da biyan wani kaso daga abin da kake samu. Karanta taka har ƙasa.

Gaskiyar lamari, 'yan kasuwar Jega da Argungu da Yauri ƙalilan ne suka taɓa bin wannan hanya. Galibi maganar tana ƙarewa ne a kotun shari'a, ko gaban shugabannin kasuwa, ko ofishin Hisba, ko a zauren wani dattijo: a yi sulhu, a sayar da shago ko mota ko gona, kowa ya karɓi kasonsa. Wannan sulhu ne, kuma yana da ƙarfinsa, amma waɗanda suka sa hannu kaɗai yake ɗaurewa. Bankin da bai zauna a wurin ba bai san da shi ba. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda alƙalanmu ke bi, raba dukiyar wanda ya karye ba ya goge ragowar bashin. Ana saurara masa ne har ya samu hali, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarta, sai fa in mai bin bashin ya yafe da bakinsa. In ya yafe, a rubuta, da shaidu biyu, da adadin da aka yafe, da kwanan wata.

Ko sallamar Kotun Tarayyar ma tana da iyaka. Ba ta sauke bashin da aka ci ta hanyar zamba ko cin amana. Ba ta sauke tarar da ta danganci karya dokar kuɗin shigar gwamnati. Sannan, abin da ya fi raba zumunci, ba ta sauke wanda ya tsaya maka. Ƙaninka ko surukinka da ya sa hannu a matsayin mai lamuni yana nan a ɗaure da dukkan ragowar kuɗin, ko da kai ka fita. Haka abokin tarayyar da kuka ci bashin tare. Ka sanar da su tun kafin banki ya sanar da su.

Abin da za ka fara yi: je wurin magatakardan kotu ka karɓi kwafin umarnin sallama mai hatimin tabbatarwa, aƙalla guda biyar. Hoton waya ko kwafin bakin titi ba ya wucewa a banki. In sallamar cikar shekara 5 ce, kada ka tsaya a kan lissafin kalanda. Sa lauya ya fitar maka da takardar kotu da ke faɗin haka. Ka kuma nemi lissafin ƙarshe daga amintaccen: wa aka biya, nawa, me ya rage.

Rarar haraji: ta wace shekara ce?

Rarar haraji ita ce kuɗin da aka cire maka fiye da harajin da ya kamata ka biya. Kafin ka cika takardar neman ko sisi, amsa wannan tambaya, domin a kanta komai ya rataya. Duk abin da ka mallaka lokacin da aka ayyana karayarka, da abin da ya shigo hannunka kafin sallama, na masu bin bashi ne ta hannun amintacce, ban da kayan sana'a da tufafi da shimfiɗa daidai gwargwadon da doka ta ware. Kuɗin da kake bin wani ma dukiya ce, ko gwamnati ce kake bi. Saboda haka rarar harajin da aka cire maka kafin ranar sallama tana cikin dukiyar da za a raba, ko da sai bayan shekara biyu aka biya ta. Sallama ta 'yanta wuyanka, amma ba ta mayar maka da dukiyar da ta riga ta koma hannun amintacce ba. Rarar da ta taso daga abin da ka samu bayan ranar sallama kuwa taka ce.

Wanda ya karɓi rarar tsohuwar shekara ya yi shiru, ya buɗe wa kansa ƙofar zargin ɓoye dukiya, kuma wannan laifi ne a dokar. Hanya mai sauƙi ita ce ka rubuta wa amintaccen wasiƙa, ka faɗi shekarar da adadin, ka nemi ya amsa a rubuce ko zai nema da kansa ko ya bar maka. In fayil ɗin ya rufe kuma an biya kowa cikakke, rarar ta dawo gare ka. In ta sulhu aka bi, duba takardar sulhun: in ta ce ka miƙa duk abin da ka mallaka da abin da kake bin mutane, har da wannan kuɗin ke nan.

Ta ina rarar ke fitowa? Ga mutumin da ya karye, kusan kullum ta hanya biyu ce.

Ta farko albashi. Ana cire harajin PAYE kowane wata bisa zaton za ka yi aiki shekara cur. Daga 1 ga Janairun 2026, a sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Ɗauki mai albashin naira 150,000 a wata, mu ajiye maganar fansho don sauƙin lissafi. A shekara miliyan 1.8 ke nan, harajinsa naira 150,000, wato 12,500 a wata. In aikin ya tsaya bayan wata biyar, ya karɓi 750,000 ne kacal, bai kai mizanin haraji ba, alhali an riga an cire masa 62,500. Muddin ba shi da wani kuɗin shiga a shekarar, wannan kuɗin rara ne. Akwai kuma rangwamen kuɗin haya, kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, wanda ba ya shiga lissafi sai ka bayyana hayar da hujja.

Ta biyu ita ce harajin da ake cirewa tun daga tushe, kuma a nan ne 'yan kwangila ke barin kuɗi mai yawa. Wanda ya kai wa ma'aikata ko babban kamfani kaya, ana cire masa wani kaso kafin a biya shi. Wannan ba haraji ne na ƙarshe ba, kafin alƙalami ne a kan harajin shekarar. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, samar da kaya kashi 2 ne, haya kashi 10, kuma a kan samar da kaya, wanda ba shi da lambar haraji ana ninka masa. A ce ka kai shinkafa ko kayan ofis na naira miliyan 6, an cire 120,000. Bayan ka fitar da kuɗin saye da dako da lebura, ribarka ta shekara miliyan 1.1 ce. Harajinta kashi 15 ne na 300,000 da suka haura mizani, wato 45,000. Saura 75,000 suna hannun hukuma. In kuwa asara ka tafka a shekarar, kamar yadda ya faru da masu harkar shinkafa da yawa a ambaliyar 2020, duk abin da aka cire rara ne. Shekarun da suka gabaci 2026 da tsohon ma'auni ake lissafa su, don haka kada ka ɗora musu wannan lissafin.

Ina za ka je? Harajin mutum ɗaya, har da mai rajistar sunan kasuwanci kawai, na hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune ne. Mazaunin Kebbi ofishin jiha zai nufa. Kamfani mai rajista, da harajin VAT, na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Sojoji da 'yan sanda ma nasu na tarayya ne. Rarar kamfani ta kamfanin ce, ba ta mai shi ba, ko da shi kaɗai ne darakta.

Ka riƙe lambar harajinka da NIN, da takardun albashi ko wasiƙar barin aiki, da takardar kwangila, da bayanan asusun banki na shekarar, da rasit ɗin da ke nuna wanda ya cire harajin ya zuba shi ga hukuma da sunanka. Wannan rasit ɗin shi ne ƙashin bayan neman. Mafi yawan buƙatu a kansa suke mutuwa: an cire kuɗin amma ba a kai ba, ko an kai shi dunƙule ba jerin sunaye, ko an rubuta sunan shago a maimakon sunan da ke kan lambar haraji. Hukuma ba ta mayar da abin da ba ta ga shigarsa ba. In haka ta faru, koma ofishin akawun wanda ya biya ka, ka nemi rasit da jadawalin da sunanka ke ciki.

Sai ka cike bayanin kuɗin shigarka na shekarar. Wa'adinsa ga ɗaiɗaikun mutane 31 ga Maris ne kowace shekara. Ba a lissafa rara ga wanda bai bayyana abin da ya samu ba, kuma shekarun da ka tsallake lokacin rikici sai ka cike su, ko da sifili za ka rubuta. Daga nan ka rubuta wasiƙar neman mayarwa, ka sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinka. Doka ta ba da shekara 6 daga ƙarshen shekarar da ake magana a kai, sannan ta ce a biya cikin kwana 90 bayan hukuma ta bincika ta amince. Lura da wannan: kwana 90 ɗin daga ranar amincewa ake ƙirga su, ba daga ranar da ka kai wasiƙa ba.

Abubuwa biyu za su iya ba ka mamaki. Neman rara yana jawo bincike, don haka in littafinka a hargitse yake, za ka iya shiga neman 75,000 ka fito da takardar bashin da ya fi haka. A fara zama da akanta. Na biyu, hukuma tana da ikon cire tsohon harajin da take bin ka daga rarar kafin ta ba ka saura. A ra'ayinmu, in rarar taka ce kuma ba ta da yawa, gara ka nemi a ajiye maka ita a kan harajin shekara mai zuwa. Ya fi saurin samuwa, kuma yana share maka hanyar takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, wadda ba ka samun kwangilar gwamnati sai da ita. In an yanka maka harajin da ba ka yarda da shi ba, kwana 30 gare ka ka ƙalubalanta a rubuce. In ka bari suka wuce, ya zauna. Kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyarmu a Kaduna take.

Kafin ka nemi sabon rance

Wanda ba a sallama ba tukuna, laifi ne ya karɓi bashi ba tare da ya gaya wa mai bayarwa halin da yake ciki ba. Ba ya zama daraktan kamfani sai da izinin kotu, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa ko gwamna. Da sallama waɗannan ke sauka. Babu dokar da ta hana ka rance bayan nan, babu kuma wadda ta tilasta wa banki ya ba ka.

Banki ba fuskarka yake dubawa ba, BVN ɗinka yake bugawa. Kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin adana tarihin bashi: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Ana buƙatar banki ya duba aƙalla biyu kafin ya ba da rance, ban da rumbun Babban Bankin kansa. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Karɓi na dukkan ukun, domin abin da ke wannan ba lallai ya kasance a wancan ba. Bi layi-layi. Abin da aka fi gani shi ne bashin da aka rufe amma yana nuna ana bin ka, da bashi ɗaya da ya fito sau biyu don an sayar da shi ga masu karɓo bashi, da ruwan da ya ci gaba da hauhawa bayan ranar umarnin kotu.

Gyara daga bankin da ya kai rahoton yake farawa. Kai masa kwafin sallama ko takardar sulhu, ka nemi wasiƙar da ke cewa ba ya bin ka komai, ka kuma nemi ya sabunta bayanin a dukkan rumbunan. Ka shigar da ƙorafi ga kamfanin rahoton ma, da kwafin takardun. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki ne mataki na gaba. Kada ka sa ran a goge tarihin. Bayanin yana zama aƙalla shekara 6. Abin da kake nema shi ne ya nuna an rufe, saura sifili. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya wanke maka BVN ɗan damfara ne.

Wata kalma da ke yaudarar mutane ita ce manaja ya ce an cire bashinka daga littafi. Wannan lissafin cikin gida ne na banki, ba yafiya ba ce, suna iya dawowa a kansa kowace rana. Yafiya sai da wasiƙa. Muhimmancin wannan ya ƙaru tun 1 ga Agustan 2020, lokacin da tsarin GSI ya fara aiki: in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, bankin da ke bin ka yana iya kwasar kuɗi daga duk asusun da ke haɗe da BVN ɗinka a kowane banki, har asusun haɗin gwiwa. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda ya ɗauka, ban da tarar jinkiri. Ma'anar wannan a aikace: kada ka sa a turo rarar haraji, ko sabon jarin da wani ɗan'uwa ya taimaka maka da shi, cikin asusunka kafin tsohon bankin ya tabbatar a rubuce ya janye umarnin. Shi ya sa muka ce jerin yana da muhimmanci.

Manoman Kebbi su duba wani abu na daban. A nan aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma an ba da rancen ne ta ƙungiyoyi da 'ya'yansu ke tsaya wa juna. Mutum na iya biyan nasa, sunansa ya ci gaba da fitowa saboda na ƙungiya. Nemi shaidar biyanka daga bankin da kuɗin ya bi ta cikinsa, ba daga shugaban ƙungiya kawai ba.

Jingina ma sai an warware ta. In gida ko fili ne, karɓi takardar sakin jingina daga banki, a yi mata rajista a ofishin filaye, ka karɓo takardar mallakarka ta asali. In injin casa ne ko tarakta ko mota, sa banki ya soke rajistarsu a rumbun jinginar kadarori na ƙasa, in ba haka ba mai ba da rance na gaba zai gan su a ɗaure.

Rancen farko

Ya zama ƙarami, na gajeren lokaci, kuma a kan abin da ke dawo da kuɗi. Kafin nan ka yi wata shida zuwa shekara kana bi da cinikinka ta asusu ɗaya, domin wannan ne sabuwar shaidarka. In takardar neman rance ta tambaya ko an taɓa ayyana karayarka, faɗi gaskiya ka haɗa da kwafin sallama. Ƙarya a nan zamba ce, kuma bashin zamba ba ya sauka ko a sallama ta gaba. Jimillar abin da kake biya a wata kada ta haura kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu.

Tambayi jimillar da za ka biya a naira, ba kaso ba. Rancen naira 500,000 na wata 12 a kan kashi 3 a wata, in a kan cikakken kuɗin ake lissafawa har ƙarshe, ruwansa 180,000 ne. In a kan ragowar da ke raguwa ne, kana biyan uwar kuɗin daidai-daidai, 97,500 ne. Kaso ɗaya, bambancin 82,500. Manhajojin rance na waya sun fi kowa shiga rayuwar wanda banki ya ƙi, kuma kashi 15 a wata kashi 180 ne a shekara. Babu cinikin albasa ko hatsi da ke ɗaukar wannan.

Ga mai gudun kuɗin ruwa, bankunan da ba sa hulɗa da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna da murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Amma su ma suna duba rahoton bashi, suna neman mai tsayawa, suna kuma kai sunan wanda ya gaza. Abin da ya fi kayar da manomi a kowane irin banki shi ne rashin daidaita biya da kaka. Shinkafar rani tana cin kusan wata huɗu tana shan fetur da taki kafin ta ba da ko buhu ɗaya. Wanda ya karɓi rancen da ake biya duk wata tun daga watan farko, zai shiga jerin masu jinkiri tun shinkafar ba ta fitar da kai ba. Nemi a rubuta biya bayan girbi a cikin yarjejeniyar.

Akwai hukuncin Malikiyya da ya kamata dillalai da iyayen gida su sani, domin yana ƙarfafa musu gwiwar sake ba wanda ya karye kaya: in aka raba dukiyarsa, sannan wasu sababbi suka ba shi kaya ya sake faɗuwa, su ne a gaba a kan dukiyar da ta samu daga mu'amalarsu, tsofaffin masu bin bashi ba sa shiga ciki. Abin da ya zo ta gado ko kyauta ne kowa ke tarayya a kansa. Don haka a rubuta sabon bashin da kwanan watansa, a kuma raba littafinsa da na tsohon.

Mutane da yawa, ko kotu ta sallame su, suna son biyan ragowar saboda haƙƙin da ke wuyansu a wajen Allah, kuma doka ba ta hana ba. A biya daga abin da aka samu bayan sallama, ta banki ko da rasit, a rubuta cewa biya ne na ganin dama. Abin da za a kiyaye shi ne sa hannu a sabuwar yarjejeniya a kan tsohon bashin, musamman in an haɗa ta da tayin sabon rance, domin hakan na iya farfaɗo da bashin da kotu ta riga ta sauke. Irin wannan takarda lauya ya fara ganinta. Wanda kuma bashin ya fi ƙarfinsa ba ta hanyar ɓarna ba, yana cikin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka. A Zamfara Hukumar Zakka da Waƙafi ce ke karɓar irin wannan buƙata. A ko'ina kuma, takardar sulhu mai ɗauke da adadin da ya rage da sunan mai bin bashin ita za a fara tambayarka.